Kawu da Shaidunsa Huɗu

Ranar da Kawu ya rasu na gane ashe gaisuwar mutuwa ma tana da rowa. Mutane suka cika falona a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad har takalma suka tare ƙofar maƙwabcina ɗan Sudan, amma duk wanda ya durƙusa gabana sai ya ce, "Ya haƙuri?" in ce da godiya, ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri," daga nan ya ja bakinsa ya tsuke. Sauran addu'ar, wadda ake yi wa shi mamacin, ita ce ta gagara fita. Wani dattijo ya fara, "Allah Ya ji..." sai tari ya kama shi, ya nemi ruwa. Ina kallonsa ya shanye kofi guda, bai koma kan maganar ba. Wallahi da ba a gidana ake zaman ba, da na tashi na bar musu wurin.

Mutum ɗaya ne ya faɗe ta gaba gaɗi, aminin Kawu, wani tsoho mutumin Maradi da suka yi shekara da shekaru suna kwana ɗaki ɗaya. Ya shigo yana dogara sanda, hawaye sun jiƙa masa gemu, ko gaisawa da kowa bai yi ba ya ɗaga murya. "Allah Ya jiƙanka, kai mai taurin kan tsiya! Allah Ya yafe maka!" Ba wanda ya ce amin sai ni, sai matata daga bayan labule.

Daga gida kuwa waya biyu na samu. Ta farko Iya ce, yayar Kawu, wadda ta shiga addinin Kirista tun tana budurwa. Ba ta yi kuka ba. Waƙar coci ta ja mini a kunne da muryar tsufa, tana tsinkewa tana ɗorawa, da ta gama ta ce, "Na san ya samu hanya a ƙarshe, ai littafin uwarmu na coci yana hannunsa." Ta biyu Inna ce, mahaifiyata, autarsu. Ita ko tambayata da me ya cika ba ta yi ba. Cewa ta yi, "An ce mini a can cikin ƙanƙara ake ajiye mutum. Ka ciro mini ɗan'uwana, a yi masa wanka da sallah, a sa shi a ƙasa kamar kowa. Kada ka sake kirana sai ka yi." Ta kashe wayarta.

To, a nan gizo ke saƙar. Da mutane suka ragu, ƙanin matata ya matso kusa da ni. Ɗalibi ne, yana karatun hadisi mai zurfi a jami'a a nan Riyad, yaro mai kunya da tsoron Allah, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma abin da ya sa maganarsa ta tayar mini da hankali ke nan.

Ya ce, "Yaya, na san iƙamarsa, katin zamansa a ƙasar nan, ta ce musulmi. Amma takarda ba ta shiga kabari. Kai kaɗai ne a wurin lokacin da ya cika. In ka shaida ya yi kalma, ni zan fara kama makara. In kuwa ba haka ba, ba zan iya yin shiru a kai shi wurin wanka ba. Zan gaya wa masu wankan abin da na sani a kansa, don amana ce."

Kowa a falon ya san abin da wannan ke nufi. Da zarar magana irin wannan ta shiga kunnen masu wanka za su ɗage hannu, a mayar da gawa firij sai an bincika, kuma binciken baƙo a garin nan ba ya da ranar ƙarewa. Mutanen Iya ma ba za su iya cewa nasu ne ba, don bai taɓa shiga ruwan baftisma ba. Zai zama gawar da ba mai ita. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe bayan azahar, tunda dama takardun kafili, wato ubangidan da Kawu ke zaune a ƙasar nan da sunansa, ba su kammala ba. Ya ce to, Allah Ya kai mu.

Kafin in faɗi yadda ta kaya, bari in gaya muku wane ne Kawu, don abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan, ni da ba malami ba, direban motar kayan marmari ne. Bai bar ɗa ba, matarsa ta riga shi da daɗewa, kaburburan garin nan kuma ba a rubuta musu suna. In ban faɗa ba, ba wanda zai faɗa.

Gidan kakanmu gidan Maguzawa ne a wani ƙauye a ƙasar Kano. Kakanmu namiji ya mutu da tsafinsa, aka binne shi a bayan gida. Kakarmu ta shiga coci da tsufanta. Kawu shi kuma ya musulunta yana saurayi da ya shigo birni makaranta, daga baya ya samu aikin tafinta a kotu, ya yi shekaru yana tsaye tsakanin alƙali da shaidu. Ranar da aka binne uwarsa, malamin unguwarsu ya ja shi gefe ya ce kada ya yi mata addu'ar gafara, ba ta halatta. Da yamma faston ƙauye ya dafa kafaɗarsa ya ce uwarsa ta tsira, amma da aka zo kan ubansa sai ya girgiza kai. Kawu ya ce a yini ɗaya aka yanke wa iyayensa biyu hukunci, ba wanda ya kira shaida ko ɗaya. Daga ranar ya ce shi ya daina karɓar hukuncin da bai ji shari'arsa ba.

Tsohuwar ta bar littafin Kiristoci na Hausa, wanda ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa a ciki ba, ƙarƙashin matashi take ajiye shi. Iya ce ta damƙa wa Kawu lokacin da zai taho Saudiyya. A cikin ƙullin garin kuka ya shigo da shi, har ya mutu kuwa littafin nan yana ƙamshin miya.

A nan ma tafinta ya ci gaba da yi, a kasuwar kayan marmari ta Aziziya, tsakanin 'yan kasuwa da masu dako. Shi ya samo mini aikin tuƙi. Amma zama da Kawu sai mai haƙuri, ni kuwa Allah bai ba ni da yawa ba. Ba dama ka kawo masa labari. Ka ce, "Kawu, an rufe hanyar kasuwa," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Da idonka ko da kunnenka?" In ka ce da kunne, ya ce, "Kunnen wa ya fara ji?" Wata rana na fusata na ce masa to ruwa ake yi a waje, ga rigata a jiƙe, ko shi ma sai na kawo shaida? Ya taɓa rigar, ya shinshina yatsunsa, ya ce an karɓa.

A kan Allah kuwa maganarsa ɗaya ce, ba ya ƙari ba ya ragi. "Ban ce babu ba, ban ce akwai ba. An dai ɗage zama." Duk da haka yakan je masallaci wani lokaci, ya tsaya a sahun ƙarshe, azumi kuma bai taɓa wuce shi ba. In ka ce to me ya kai ka, ya ce mai jiran hukunci ba ya raina kotu. Wannan ne ya sa mutanenmu suka rasa inda za su ajiye shi. Da ya fito fili ya ce ya bar addini, da sun huta.

Na fara ganin yadda yake karatunsa wata Juma'a da rana tsaka. Wanda ya san Riyad ya san wannan lokacin, bayan an sauko an ci abinci, kantuna a rufe, titi ba ko kyanwa, ba ka jin kome sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki ta kowace taga. Ɗakinsu a saman bene yake, can kan rufi. Ina hawa na jiyo muryarsa, ba muryar hira ba, wata murya a miƙe mai sanyi da ban san shi da ita ba.

"Kai ka ce mace ɗaya ce ta je kabarin Almasihu, tun da sauran duhu. Haka ne?"

Sai shiru. Ba shirun mai tunani ba, shirun mai saurare, daidai tsawon da mutum zai ba da amsa.

"To, na ji. Kai kuma ka ce su uku ne, rana ta riga ta fito. Kana nan a kan bakanka?"

Shiru kuma. Na ɗauka baƙi ya yi, har na gyara hulata na yi sallama. Da na tura ƙofa, Kawu ne kaɗai a kan tabarma, littafin a buɗe a cinyarsa, gabansa kofunan shayi huɗu a jere, kowanne a cike yana tururi. Na nufi gefen tabarmar zan zauna, ya ɗaga hannu da sauri.

"Kada ka zauna nan, akwai mutum."

Na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Sai ya nuna mini bakin katifa, ya yi mini bayani a natse. Ya ce mutum huɗu ne suka rubuta labarin Almasihu a littafin nan, shi kuma bai san wata hanyar gane gaskiya ba sai wadda ya koya a kotu, a zaunar da shaidu a tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shaida ko ya shekara dubu a ƙasa, in za ka tuhume shi sai ka ba shi wurin zama da abin jiƙa maƙoshi, in ba haka ba zalunci ne. Ya juya ga kofi na biyu ya ci gaba kamar ba na wurin. Ya tambaye shi, shi da ya ce saurayi ɗaya aka tarar a zaune cikin kabarin, me zai ce wa na kusa da shi da ya ce mutum biyu ne a tsaye. Ya saurara. Ya ce, "Ka ce matan sun gudu da tsoro, ba su gaya wa kowa ba. To kai wa ya gaya maka?" Wannan karon shirun ya fi na baya tsawo, har na ji ina so in yi tari na kasa.

Da zan tafi na saci kallon kofunan. Uku suna nan a cike, na biyun ya koma rabi. Na tambayi amininsa daga baya, ya yi dariya ya ce ai shi Kawun ke shanye su ɗaya bayan ɗaya in an tashi daga zama. Wataƙila haka ne. Ni dai ina ɗakin, ban ga ya kai hannu ba, kuma ban rantse cewa idona bai taɓa barin kansa ba.

Rigimarsu da ƙanin matata a gidana aka yi ta, ranar wata Sallah, ana cin tuwo. Yaron ya ji labarin saɓanin shaidun nan, ya zo da murnarsa.

Ya ce, "Kawu, ai ka gama aikin da kanka. Tunda bakinsu bai zo ɗaya ba, ka ga an sa hannu a littafin. Sai ka rufe shi ka dawo gida."

Kawu ya gama tauna lomarsa tukuna. Ya ce, "Malam, kada ka yi saurin murna. Ni shaidun da bakinsu ya zo ɗaya a kome su nake tsoro, don an zaunar da su ne a zaure an koya musu. Waɗannan sun saɓa a kan mata nawa ne, da ƙarfe nawa ne, amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya, ramin ba kowa a ciki."

"To ka yarda da su ke nan?"

"Na yarda sun tsorata. Abin da ya tsorata su ne har yanzu ban gano ba."

"Subhanallahi! Kawu, shekara nawa kana wannan abu? In mutuwa ta riske ka a tsakiya fa?"

"Sai ta same ni a bakin aiki. Ai sana'armu ɗaya da kai, Malam. Kai ma ba wane ya ji daga wane kake bi ba? Bambancinmu, kai ka san hukuncin tun kafin a fara zama."

Yaron ya tsame hannunsa daga kwanon. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ba don fushi kaɗai ba, don yana son tsohon. Ya ce ba zai ƙara haɗa hannu da shi a kwano ba sai ranar da ya ji kalmar shahada daga bakinsa. Kawu ya ce Allah Ya ba mu rai, ya jawo naman da ke gaban yaron ya cinye. Ni na ji haushin su duka biyun, na ce sun ɓata mini Sallah, matata ta kwana tana kuka. Yaron kuwa ya cika alkawarinsa, ba su ƙara cin abinci tare ba.

Kada a ɗauka ɓangaren Iya sun fi samun sauƙinsa. Ina zaune wata rana ta kira shi, ina jiyo faɗanta daga cikin wayar. Ta ce littafin uwarsu ba da jan biro ake karanta shi ba, da gwiwa a ƙasa ake karanta shi. Ya ce, "Yaya, gwiwa ba ta da ido." Ta ce to zai mutu a bakin ƙofa kamar akuyar da ta ƙi shiga ta ƙi fita. Ya ce ko ba kome mai bakin ƙofa yana ganin ciki da waje. Ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayarsa, shi kuma duk Lahadi sai ya kira, ya bar ta ta yi ta ƙara har ta katse.

Amma ga abin da nake so a riƙe. Shekarar da akwatunan lemo suka rufto wa amininsa a kasuwa, ƙafarsa ta karye a wuri biyu, hannun dama ma aka ɗaure shi, tsohon ya yi watanni a kwance ba ya iya ko tsarki da kansa. 'Yan garinsu suka zo dubiya suka koma bakin aikinsu, ba laifinsu ba ne, kafili ba ya jiran kowa. Kawu ne ya ɗauke shi. Shi ke kai shi bayi, shi ke yi masa alwala sau biyar a yini, yana bin gaɓoɓin a jere ba ya tsallake ko ɗaya, har tsefe gemu. Ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya sa masa carbi a hannun hagu. Da asuba shi ke tashinsa, in ya yi nauyin barci har yayyafa masa ruwa yake yi, yana cewa, "Tashi, kai da ka tabbata, ba ka da uzuri." Tsohon ya gaya mini ya sha ce masa, to zo mu yi tare mana. Sai Kawu ya ce, "Yi kai dai, ni ina gadin takalma."

Wannan ne mutumin da aka ce in shaida. Ranar da aka yi zaman gaisuwar, bayan kowa ya watse, matata ta zauna gabana ta ce, "Kalma ɗaya ce fa. Ka ce ya yi. Wa zai ƙaryata ka?" Aminin Kawu ma ya ce shi zai rantse da Alƙur'ani in ana so, na ce Baba, kowa ya san kana kasuwa lokacin. Gaskiya na so in yi ƙaryar, na so ƙwarai. Na yi ta jera ta a bakina har ta yi santsi. Sai dai duk sanda na kai ƙarshenta, sai in ga idon nan ta saman tabarau.

Washegari bayan azahar aka sake haɗuwa a falona, mutane ba su kai na jiya ba. Ƙanin matata ya zauna daf da ni, ya ce, "Bismillah, Yaya." Na ce zan faɗi abin da na gani da abin da na ji, ba zan ƙara ko gishiri ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a asibiti. Ranar da abin zai faru, tsakar rana ce, an ja labule an zagaye gadonsa, ni kaɗai ne a ciki, bayana bango ne. Na ga numfashinsa ya canza, na sunkuya na fara laƙana masa kalma a kunne, ina maimaitawa a hankali. Sai ya kai hannu ya janye abin numfashin daga fuskarsa. Idonsa a buɗe tar, amma ba ni yake kallo ba. Bayan kafaɗata ta dama yake kallo, sama kaɗan, kamar mai kallon dogon mutum.

Ya ce, "Wa ke bayanka?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu, bango ne."

Ya ce, "Ka duba?"

Ban duba ba. Ni direba ne, na san yadda mota take in akwai mutum a kujerar baya ko ban kalli madubi ba, kuma abin da na ji a bayana ke nan. Wuyana ya ƙage. Na ci gaba da kalmar.

Ya ce, "Matsa masa mana. Ba shi kujera." Sai ya koma muryar nan tasa ta kotu, a miƙe, ba tsoro ko kaɗan a cikinta. Ya ce, "Tambaye shi, wa ya aiko shi?"

Ban tambaya ba. Shi kuwa ya yi shiru yana saurare, idonsa a wuri ɗaya, har tsawon da mutum zai yi bayani mai ɗan yawa. Ya ɗan gyaɗa kai. Ya ce, "To." Daga nan bai ƙara numfashi ba.

Nan na dasa aya. Wani ya ce a hankali, Mala'ikan mutuwa ne. Wani ya ce a'uzu billahi, iskokin gidan ubansa ne suka biyo shi. Aminin Kawu ya rufe fuska da rawaninsa. Ƙanin matata kuwa ya fara yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

"Ya kira sunan wani?"

"A'a."

"Ya yi alamar gicciye, ko ya nemi a kawo masa littafin?"

"A'a."

"Ya ƙi kalmar da bakinsa, ko ya kau da kai?"

"Bai ƙi ba."

"Ya faɗe ta?"

"Ban ji ba."

"To ɗin da ya ce, na mene ne?"

Na ce, "Malam, ni tambayar na ji, ban ji amsar ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, ka san da ka ce ya yi, da na yarda da kai." Na ce na sani. Ya ce duk abin da ya sani a kan Kawu na kafin wannan lokacin ne, abin da ya gudana tsakanin tambayar da amsar kuwa ba shi da wanda ya ruwaito masa, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ya ce ba zai je wurin masu wanka da zato ba. "Amma ni ba zan taɓa gawar ba, kada a neme ni." Na ce ba wanda zai neme ka. Raina a ɓace yake, amma na ji sauƙi.

Takardu suka fito da safe. Ni da amininsa muka tsaya a kan wankan. Bayan la'asar aka shigo da shi babban masallaci tare da sauran gawarwakin ranar, aka jera su gaban liman, duk an lulluɓe su iri ɗaya. Wallahi ni da na ɗaure likkafanin da hannuna na kasa gane wanne ne nawa. Jama'a ta cika masallacin maƙil, Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan ko'ina, ba wanda ya san sunansa balle ya tambayi da me ya cika, suka yi masa kabbara huɗu tare da kowa. Mutanenmu da suka cika mini falo kuwa, kaɗan na gani. Wannan aiki ya riƙe shi, wancan kafili bai bari ba.

Maƙabartar fili ce shimfiɗaɗɗiya, ƙasa ja-ja, kaburbura a jere ba suna ba alama sai ɗan dutse a kai da ƙafa, iska mai zafi tana kaɗawa ba ko tsuntsu. An riga an haƙa ramuka da yawa suna jiran masu su. Na tuɓe takalmi na sauka cikin namu. Ana bukatar mutum na biyu a ciki, aminin Kawu ga ƙafa ba ta lanƙwasuwa, sauran jama'a kowa yana kan tasa gawar. Ina ɗaga kai in roƙi wani Balarabe, sai na ga mutum yana naɗe ƙafar wandonsa. Ƙanin matata ne. Ban ma san ya biyo mu ba. Ya diro cikin ramin.

Na ce, "Ba kai ka ce ba za ka taɓa ba?"

Ya ce, "Kama kan, Yaya, kada ka cika ni da surutu."

Muka kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa ga alƙibla, wadda a garin nan yamma take. Yaron ya kwance ƙullin likkafanin da kansa, muka jera tubali muka liƙe da laka, muka fito aka tura ƙasa. Kafin ka ce kwabo an gama, masu sauran gawarwakin suka fara komawa motocinsu. Direban da ya kawo mu ya danna ham yana cewa yalla, yalla, wato mu yi sauri.

Na ciro waya zan kira Inna, yaron ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya tukuna. Ka roƙa masa tabbata, yanzu ake tambayarsa."

Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na asibiti. Tambayoyin kabari ko yaron da ke koyon alwala ya san su, ya san amsarsu, ni kuma na san Kawuna. Na ɗaga hannu na kasa haɗa addu'a ko ɗaya, sai kuka kawai nake yi kamar ba namiji ba. Direban ya gaji ya tafi abinsa. Inuwarmu ta yi tsawo a kan kaburburan mutane, fili ya zama ba kowa sai mu uku. Aminin Kawu ya ce ƙafarsa ta gaji, ko za mu kama hanya kafin a rufe ƙofa.

Yaron bai motsa ba, hannayensa a sama, laka ta bushe a kansu. Ya ce, "Baba, zauna a ƙasa ka huta. Kada mu tafi da wuri. Mutumin nan ba ya amsa tambaya da gaggawa."

Muka tsaya har aka kira magariba. Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yi masa haƙurin da mu muka kasa yi masa.